Rishon Kawu Sajan a Gonar Suruki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai rishon soja gonar surukina ba. Ko na so in manta, mutanen Argungu ba za su bari ba.

Rishon gado ne. Kawuna, tsohon soja da muke kira Sajan, shi ya bar mini shi. Wani koren ƙarfe ne mai nauyi, da tanki da ɗan famfo a gefe, kuma fetur yake sha, ba kalanzir ba. Sau ɗaya tak na ga Kawu ya kunna shi (kuma gaskiya hankalina na kan shayin ne). Shekara da shekaru yana ajiye a ɗakina a unguwarmu ta Badariya, duk baƙon da ya shigo sai na yi masa bayaninsa kamar ni na ƙera shi.

Lokacin ina neman auren Hajara, babanta Malam Umaru bai ce e ba, bai ce a'a ba. Manomin shinkafa ne a Argungu, kuma labari ya iso mini cewa ya ce hannuna kamar na jinjiri. Da yankan shinkafa ya zo ya kira gayya, na san ranar jarrabawata ce. To ni ban iya riƙe lauje ba. Sai na ce bari in dafa wa masu gayya shayi da rishon soja, su san ɗan ofis ma ba kanwar lasa ba ne.

Na isa fadama da hantsi cikin farar shadda (e, farar shadda, a gona). Na durƙusa na gai da Malam, na girka risho a inuwar tarin damman shinkafa. Ya dube shi, ya dube ni.

"Wanga hwa mi na na?"

"Rishon soja ne, Baba. Ko cikin ruwan sama kamawa yake."

"To, Allah shi sa albarka. Amma ja shi nesa ga shinkahwa."

Na ja shi taku biyu. Na tuna Kawu yana buga famfo, amma ban tuna sau nawa ba, don haka na yi ta bugawa har kafaɗata ta gaji. Na murɗa makunni, fetur ya tsiyayo cikin ɗan kaskon da ke ƙasa. Daga baya na ji cewa a nan ake rufewa, a kunna ɗan abin da ya zubo, a jira kan rishon ya yi zafi. Ni ban rufe ba, na ƙyasta ashana.

Wuta ta tashi ta wuce tsayina, risho na gurnani kamar injin ban-ruwa. Masu yanka suka zubar da laujuna. Iska kuma ta karkata harshen wutar wajen damman, noman shekara guda na mutumin da nake roƙo ya ba ni 'yarsa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na naɗe hannu da babbar riga, na sunkuci risho na ruga gulbin da ke gefen gonar. Sai dai na manta jefawa ake yi, na faɗa tare da shi.

A nan na gano fetur ba ya nutsewa. Ya taso saman ruwa yana ci, wuta ta kewaye ni. Ga shi ban iya ruwa ba. Na dinga shure-shure ina kalmar shahada, ina roƙon a cece ni, a garin da ake kama giwan ruwa da hannu. Ba wanda ya motsa. Can sai na ji muryar Malam daga bakin gaɓa, a natse:

"Ɗana, miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya gwiwa yake.

Na fito ba gira, gemu saura rabi, shadda ta koma launin laka. Wasu har kwanciya suka yi cikin karan shinkafa don dariya. Malam bai yi ba. Ya zagaya damman sau biyu yana dubawa, sannan ya dawo.

"Kai kak kunna ta, kai kak kashe ta. Ko zangarniya guda ba ta ƙone ba. Turo magabatanka."

Yau 'ya'yanmu uku da Hajara, amma har yanzu in na sauka Argungu sunana Miƙe-Tsaye. Rishon kuwa ƙanin Malam, wani masunci, ya tsamo shi ya ɗaura masa igiya, da shi yake tsayar da jirginsa, kuma ya ce kayan soja ba ƙarya. Ni dai na koyi cewa gadon abu daban, iya shi daban. Kuma kafin ka tara jama'a da kukan nutsewa, fara taɓa ƙasa da ƙafarka.