Rasuwar Gwaggo, Motar da Ta Faɗa Ramin da Gwamna Ya Cike

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, iyalan direban nan da aka fi sani da Malam Kauce suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, 'yan tasha da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura mota, rasuwar Gwaggo, tsohuwar akori-kurar gidan. Ta cika ne ranar da mai girma gwamna ya zo wannan yanki neman tazarce. Ta rasu a bakin aiki, hoton gwamna a gefen damanta, na mataimakinsa a hagu, lasifika a kanta, hancinta a cikin rami.

Ba wanda ya san shekarun marigayiyar na gaskiya. Takardunta sun faɗi nasu, injinta ya faɗi nasa. Abin da aka tabbatar shi ne ta ga gwamnoni sun hau sun sauka, kowanne ya same ta a kan hanya ɗaya ya bar ta a kanta, ramukan ne kawai suka samu ci gaba. Yaran gidan ne suka raɗa mata Gwaggo, domin ta girme su duka, ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, kuma idan ta fara mita ba ta yin shiru sai an isa inda za a je.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta ba tare da ta kai ƙara ba. Ta ɗauki bulo da yashi, ta ɗauki durom na ruwa lokacin da famfo ya zama kayan ado, ta ɗauki kayan masu tashin gida har da kajinsu. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta dawo da jarirai. Duk lomar da aka taɓa kaiwa baki a gidan Malam Kauce daga bayanta ta sauko, haka takalman makarantar yara da maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Ba ta taɓa yin alkawari ba, shi ya sa ba ta taɓa saɓawa ba, kuma iyalan suna roƙon masu neman kujera da za su karanta wannan sanarwa su sake karanta wannan layin.

Maƙwabta za su yi kewar muryarta. Da safe takan fara da "kirr, kirr, kirr", sai ta yi shiru kamar ta fasa, sai tari biyu, "tuf, tuf", sannan ta buɗe maƙogwaro da "gurrrum" ɗin da ke tayar da duk malalacin da ke layin. Hon ɗinta ya daɗe da dishewa, "faaa" kawai yake iya cewa, amma ba a taɓa samun akuyar da ba ta gane shi ba.

Sai dai babbar baiwarta, wadda ita ce maigidan ke kuka a kai, ita ce sanin hanya. A kan titin kasuwa, da an wuce kwalbati, akwai ramin da ya girmi wasu masu jefa ƙuri'a. Ya ci babura, ya ci tayoyi, ya taɓa zaunar da motar siminti. Gwaggo kuwa bai taɓa ɗanɗana ko tayarta ba. Shekara da shekaru ana kauce masa ta hagu, har sitiyarinta ya koya: da ta hango kwalbatin sai ta karkata da kanta, ko hannun direba yana kan kofin shayi. Daga nan maigidan ya samo laƙabinsa, ko da yake shi ya san rabin sunan nata ne. Bakanike ya taɓa cewa a bari ya gyara karkatar, Malam Kauce ya dafa ƙofarta ya ce, "Bar mata kayanta. Wannan ba ciwo ba ne, ilimi ne."

Rashin lafiyarta ta ƙarshe ta shigo gidan ne da ƙafa biyu, sanye da hula mai hoton gwamna. Ƙanin uwargida ne, wanda tun da aka buga gangar zaɓe ya daina amsa sunan da iyayensa suka sa masa, sai an ce Kodineta. Ya zauna a tabarma, ya ajiye wayoyinsa a jere don a gani, ya ce, "Yaya, kai fa arziki na kiranka kana ɗaukar yashi. Ba mu motar nan mu yi kamfen. Idan Oga ya koma, wallahi sabuwa dal za ka hau, da ledarta."

Uwargida ba ta ma ɗago daga wankin da take yi ba. Ta ce, "Baban yara, ni na goya wannan. Tun yana ƙarami idan aka aike shi da kwano ba ya dawowa da murfi."

Malam Kauce ya ji, amma ya amince. A faɗi gaskiya, ba kwaɗayi zalla ba ne. Ya daɗe yana jin tausayin Gwaggo a kan hawa, yana raya ranar da zai ajiye ta a inuwa ta huta, sabuwa ta karɓi wahalar. Aka kai ta wurin mai walda aka ɗaura mata ƙarafa, aka shafe tsatsarta da fentin jam'iyya, aka ɗora lasifika. Daga ranar aka ƙwace mata muryarta aka ba ta ta haya. Waƙa ɗaya ce, tana ƙarewa tana komawa farko: "Babu sauran rami! Gwamna ya cike, mataimaki ya daɓe! Aiki ya kammala!"

Da farko abin dariya yake ba shi. Lasifika na rantsuwa babu rami, shi kuma yana murɗa sitiyari dama da hagu yana kauce wa ramukan, masu shaguna na nuna masa su da baki. Amma waƙar da mutum ke ji daga hantsi zuwa la'asar, mako bayan mako, a daidai saman kansa, tana da hanyar shiga. Wata safiya uwargida ta ji shi yana rera ta a banɗaki. Ta tsaya da bokiti a hannu, ta girgiza kai ta wuce.

Ana saura 'yan kwanaki gwamna ya zo, sai ga motocin aiki a bakin kwalbati, abin da ba a gani ba tun zaɓen da ya wuce. Aka juye yashi a ramin, aka shimfiɗa kwalta mai kaurin bargon jariri, aka ja farin layi a tsakiya. Titi ya yi baƙi siɗik yana ƙyalli. Ruwan sama ya sauka a bayansu ya yi aikinsa ta ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Malam Kauce ya je ya tsaya a bakin wurin ya daɗe yana kallo, har kunya ta kama shi saboda dariyar da ya yi wa waƙar. Ya koma gida ya ce wa uwargida, "Kin gani ko? Mutumin nan fa yana aiki, mu ne ba mu da godiya."

Ranar taro aka sa Gwaggo a gaban ayari, karramawar da ba ta nema ba. A bayanta manyan motoci baƙaƙe masu duhun gilashi, jiniya na kuka. Da ta hango kwalbati sai ta yi abin da ta saba, ta karkata hagu. Malam Kauce ya dubi madubi ya ga motar gwamna. Ya ji a ransa cewa rashin kunya ne a kauce wa titin da aka gyara a gaban wanda ya gyara shi. Ta ja hagu, ya ja dama. Ta sake ja, ya sa hannu biyu ya danne ta. Tun da suke tare bai taɓa yi mata gardama a wannan wuri ba sai ranar, kuma ta bi shi, domin ita mai biyayya ce.

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "gwaram".

Iyalan suna son jama'a su san abin da ya biyo baya, don kada tarihi ya faɗa hannun masu magana da yawun gwamnati. Motocin ayari duka, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa da tsari, suka bi ta hagu. Ko ɗaya ba ta taka sabuwar kwaltar ba, domin tun da safe an gaya wa direbobinsu. Mai girma gwamna, wanda ke tsaye ta rufin motarsa, ya ɗaga wa marigayiyar hannu yana murmushi, da alama ya ɗauka durƙusawa ta yi ta gaishe shi. Lasifikar kuwa ba ta mutu tare da ita ba. Daga cikin ramin ta ci gaba da shaida wa duniya cewa babu sauran rami.

Malam Kauce ya fito ta taga, leɓensa na jini, sai ya hango Kodineta a guje. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce ashe dai ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Kodineta ya wuce shi ya haye bayan motar yana haki. "Yaya, kashe waƙar nan mana! Ina sifana? A cire hoton Oga kafin masu kyamara su iso!" Da ya gama kwance lasifika ya naɗe hotuna a hammata, sai ya waiwayo ya ce, "Kai ma dai, wa ya ce ka bi ta kai? Ai kowa ya san ta hagu ake bi."

Bakanike ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe bai fito ba. Ƙashin bayanta ya lanƙwashe, ƙarfen tayoyin gaba ya karye, injin ya tsage ya zubar da baƙin mai har ya ƙare. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Malam Kauce, sai haƙuri. Da tsufa ne ya ɗauke ta da na ce lokaci ya yi. Wannan kam da sauran kwananta."

Iyalan suna miƙa godiya ga ɗan takarar adawa, wanda washegari ya zo da tawagarsa ya dafa gawar da fuskar maraya har aka gama ɗaukar hoto. Yaransa sun lulluɓe ta da fastocinsa tun ba ta huce ba. Shi ma ya yi alkawarin sabuwar mota, don haka yanzu maigidan yana da sababbin motoci biyu, duka a baki. Haka nan ana godiya ga jami'in gwamnatin da ya shiga rediyo ya bayyana cewa babu rami a wurin, kuma 'yan adawa ne suka haƙa shi.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu waɗanda ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, da safaya wadda iska ta fice daga cikinta tun zamanin tsohon gwamna. Ta bar jak, igiya, jarkar ruwan lagireto, da dutsen da ake sa mata a taya idan an tsaya a gangare. Ta bar tabon baƙin mai a ƙofar gida, inda maigidan ke fitowa kowace safiya da makulli a hannu ya tsaya yana kallo kafin ya tuna. Ta bar dattijo mai furfura da ya koma lodin yashi da shebur a motar wanda shi ya koya wa tuƙi. Ta bar uwargida, wadda har yau ba ta ce "ai na gaya maka" ba, kuma wannan shirun ya fi masa zafi a kan leɓen da aka ɗinke. Ba ramin yake zargi ba, rami aikinsa ya yi. Abin da ke cin sa shi ne Gwaggo ta gaya masa gaskiya har sau biyu da sitiyarinta, ya bar maganarta ya ɗauki ta lasifika.

Game da jana'iza, masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo da ma'auninsu, jami'ai kuma sun zo sun ce a ɗauke ta domin tana ɓata wa aikin gwamnati suna. Iyalan sun ba su haƙuri duka. Gwaggo za ta ci gaba da kwanciya a inda take har ranar zaɓe, domin tun da ta faɗa babu wanda ya sake faɗawa, kuma wannan shi ne karo na farko da aka cike ramin nan da wani abu mai nauyi.

Za a taru da safiyar ranar zaɓe a bakin kwalbati. Kowa zai matso ya leƙa ya ga kaurin kwaltar da idonsa. Daga nan masu rakiya za su taka a ƙasa, ta hagu, zuwa makarantar firamare inda aka ajiye akwatin ƙuri'a. Ba a buƙatar rumfa, kujeru ko jawabi. Kodineta da masu gidansa an yafe musu zuwa. Sauran jama'a kada kowa ya wahalar da kansa da kawo komai, ya zo da katinsa da babban yatsansa.

Maigidan ne zai shiga gaba. Ya ce ba shi da tabbas a kan abin da ke ƙarƙashin kwaltar ɗan adawa, wataƙila shi ma yashi ne. Amma wannan ramin ya san shi, ya san wanda ya rufe shi. Idan ya tsaya gaban takardar ƙuri'a ya hango hoton jam'iyyar gwamna, hannunsa ya karkata da kansa, wannan karon ba zai danne shi ba.