Yadda Za Ka Kai Bayanin Harajin Kamfanin da Kaji Suka Gaje

Albishirinka! Idan kana da kamfani mai rajista wanda rabonsa da ciniki har an manta, wannan darasi naka ne. Bi shi sau da ƙafa, na yi maka alkawarin gwamnati za ta ci gaba da ɗaukar ka ɗan kasuwa. Sharaɗi ɗaya: daraktocin kamfanin biyu ne, kai da marigayiya matarka, mu ce sunanta Saude, kuma ba ka son a goge sunan nan. A duk faɗin ƙasar nan, rajistar kamfanoni ce kaɗai ba ta yi maka ta'aziyya ba. Kai bayani duk shekara, kada su soke kamfanin.

1. Ziyarci masana'anta
Wato rumfar nan ta gefen rumbu, inda injin matsar man gyaɗa yake tsatsa. Kori kazar da ke kwanci a cikinsa. A'a, bar ta. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar da ta fitar da kaya bana.

2. Kira babban taron shekara
Shimfiɗa tabarma, zuba shayi kofi biyu. Karanta rahoto: ba a saya ba, ba a sayar ba. Tambaya ko akwai mai ƙorafi. Shiru. Madalla! Tun da aka ɗaura muku aure, ba ka taɓa yin magana ta wuce haka salin-alin ba. Kada ka bar shayinta ya huce a banza.

3. Nemi akanta
Hau babur daga Yako zuwa Kafin Maiyaƙi, ka sami Hafizu a shagonsa.
"Baba, ina rasit?" zai ce.
"Rasit ɗin me, ɗan nan?"
Zai jera maka sifili shafi guda, ya danna hatimi. Masana tattalin arziki sun haɗu a kan cewa sifili ba ya daraja sai da hatimi.

4. Tafi ofishin haraji a Kano
Sa babbar riga; mai kamfanin da ba ya komai ya fi kowa buƙatarta. Idan aka ce kwamfuta ta tsaya, yi murna, ka sami 'yar'uwa.

5. Guji mai kirki
Nan ake faɗuwa. Mugun ma'aikaci zai ɓata maka yini ne kawai. Amma akwai wani matashi, Mujitaba, mai ba dattawa kujera.
"Baba, Allah ya jiƙan Hajiya. Ai yanzu darakta ɗaya ya isa ƙaramin kamfani. Kawo takardar rasuwa, in nuna maka inda za a cire sunanta, ka huta."
Kada ka tsawata masa, tarbiyya ce ta yi masa yawa. Gyara hularka ka ce:
"Ɗana, awakinta ta sayar aka sayi injin. Ni aron sunana ta yi don a cika biyu. In cire wani za a yi, ni za a cire."
Zai sunkuyar da kai, ya karɓi takardunka, ya buga shaidar karɓa. Fita da sauri kafin ya sake tausaya maka.

Gargaɗi
Ni ba lauya ba ne, ba akanta ba, kuma in an tambaye ni ban taɓa ganin ka ba. In an ci ka tara, kai ka jiyo. In kuwa suka ɗauki maganarka da gaske suka goge naka sunan, kada ka zo mini da kuka. Koma gida ka ci gaba da share mata rumfa. Dama muƙaminka ke nan.