Yadda Aka Raɗa Mini Suna Malam Rusau

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tayar da hankalin layi guda a Darmanawa da guntun jan alli. Amma bari in bi abin daki-daki, don ni ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan masarufi. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma shekara goma sha tara ina wannan aiki ba a taɓa neman buhu an rasa a hannuna ba. Sirrin ɗaya ne: duk buhun da na duba sai na yi masa alama da jan alli, layi biyu a gicciye, don kada in sake duba shi. (Matata Hajara ta ce da zan samu dama, yaranmu biyar ma sai na yi musu alama kafin su kwanta. Ban musa ba.)

Shekara goma sha ɗaya muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaki biyu a bakin titi, sai mai gidan ya ba mu wata uku mu tashi, zai mayar da wurin shaguna. Ban ji zafin abin sosai ba, don raina ya fita daga gidan tun ranar da autarmu Ummi ta fito da gudu adaidaita sahu ya kusa kwashe ta. Damuwar tana aljihu. Abin da na tara ba na unguwar masu dogayen katangu ba ne. Ɗaki uku nake nema, a inda yaro zai fita ƙofar gida uwarsa ba ta riƙe numfashi ba.

Na sayi sabon littafi, na ja layi da rula, na rubuta sharuɗɗa bakwai. Na ɗaya, ruwa. Na biyu, kwata mai gudu, kada damina ta same mu a ɗaki. Na uku, makarantar boko da Islamiyya waɗanda yaro zai je bai tsallaka titi ba. Na huɗu, masallaci. Na biyar, layin da motar kaya za ta shiga amma ba za ta yi gudu ba. Na shida, adaidaita ɗaya ya kai ni aiki, ba biyu ba. Na bakwai, maƙwabta.

Hajara ta leƙa littafin ta ce, “Baban Sadiya, maƙwabtan ne na bakwai?”

Na ce, “Tsari ne.”

“Ai da su ka fara. Ka je majalisarsu ka zauna, ku gaisa, ka tambaya. Su za su gaya maka sauran shidan.”

Na ce mata bakin mutum yana ƙarya, tef ɗin awo kuwa ba ya yi. Ta ce, “Allah ya ba da sa'a,” da irin muryar da ake yi wa yaron da ya nace sai ya taɓa tukunya.

Dillalina, Malam Tanko, ya zaga da ni gida tara. Wani a Ƙauyen Alu ya faɗi tun a sharaɗi na biyu, don na ga sawun ruwa a bango har gwiwata. Wani a cikin Tarauni ya ci shida cif, amma da aka faɗi kuɗinsa sai na kara waya a kunne na fita kamar ana kirana. (Ba wanda ya kira ni. Wayar ma a kashe take.) Saura kwana goma sha biyu wa'adinmu ya cika Malam Tanko ya kai ni wani gida a Darmanawa: ɗaki uku, tsakar gida da rijiya, bishiyar darbejiya a ƙofa, kuɗin kuma daidai aljihuna. Gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Yalwa, wadda ke zaune a gidan da ke jikinsa. Ranar ba mu same ta ba.

Malam Tanko ya ce, “Hajiya ba kuɗi take dubawa ba, mutum take dubawa. Uku ta sallama kafin kai. Ka zo Asabar bayan la'asar ta gan ka. Ka sa manyan kaya, ka saki fuska.”

Na ce to. A raina kuma na ce, kafin a duba ni, ni zan fara duba su.

Asabar da hantsi na isa layin ni kaɗai. Yanzu ku ji shigar da na yi, don a nan rabin laifin yake. Rigar aiki ce ruwan ƙasa mai aljihu huɗu, katin shaida rataye a wuya (daga can zan biya sito), fayil a hammata, tef ɗin awo a hannu, jan alli a bayan kunne. Fuskar kuwa irin wadda nake yi wa direban da ya kawo kaya babu takarda.

Na fara daga bakin layi. Na ja tef na auna faɗinsa, na rubuta. Na duba kwatar gidan farko, na auna daga bango zuwa bakinta, na rubuta. To gidajen layin kusan fenti ɗaya ne, ƙofofi iri ɗaya, kuma ni ba na son maimaita aiki. Hannuna da kansa ya je bayan kunne. Na yi wa bangon alama, ja, layi biyu a gicciye, babba yadda zan hango ta daga nesa. Na matsa gida na biyu.

Duk wanda ya zauna a Kano ya san abin da jan gicciye a bangon gida yake nufi. Ni ma na sani. Amma rannan bango ba bango nake gani ba, buhu nake gani.

A gida na biyar wata mai waina a ƙofar gida ta miƙe tana goge hannu a zani.

“Ranka ya daɗe, lafiya dai?”

Na ce, “Aiki nake,” ban ko ɗago ba.

A gida na takwas wani tela, Malam Sabo, ya fito daga shagonsa mai rumfar kwano, ya tsaya a bayana har na gama awo.

“Yallaɓai, har da nan?”

“Duk inda na duba sai na sa alama. Kafin azahar zan gama layin.”

Ya yi salati a hankali ya koma ciki.

Daga nan abubuwa suka fara yi mini daɗi. Wani ya kawo mini kujera. Wata ta aiko da zoɓo mai sanyi a kofin gilashi, irin wanda ake ɓoyewa sai manyan baƙi. Mai waina ta kawo faranti da miyar taushe, na ce nawa ne, ta ce, “Haba ranka ya daɗe, a dai duba mu da idon rahama.” Wani dattijo ya bi ni yana ba ni labarin cewa shekara talatin yana gidansa, a nan ya aurar da 'ya'yansa duka. Na buɗe littafi a sharaɗi na bakwai na rubuta: maƙwabta masu karamci ne ƙwarai, kuma ba sa yawan tashi.

Da na waiwaya na ga mata suna fito da katifu da akwatuna ƙofar gida, na ƙara rubuta: masu tsafta ne, suna shanya kaya ranar Asabar. Malam Sabo kuma ya hau tsani yana ɓamɓare kwanon rumfarsa da guduma. Shi ma na rubuta masa: suna gyara muhallinsu da kansu. (Littafin yana nan. Hajara ta hana a yar, tana karanta wa baƙi.)

Ina tsugune a gida na ashirin da uku, allina a bango, na ji inuwa ta rufe ni. Na ɗago. Mai unguwa ne da sandarsa, liman a gefensa, bayansu kuma kusan duk wanda ke da ƙafa a layin. A gaba-gaba akwai wata dattijuwa da farin mayafi, ta rungume wata tsohuwar jakar fata a ƙirji.

Mai unguwa ya yi sallama, na amsa. Ya ce, “Yallaɓai, mu masu biyayya ne. Amma a al'ada, kafin a sa wa gidajen mutane alamar rusau, akan sanar da mu. Daga wace ma'aikata? Kuma ina takarda?”

Kalmar rusau ce ta fara shiga kunnena. Na juya na dubi layin tun daga farkonsa. Jan gicciye ashirin da uku, a jere, tsayinsu ɗaya, babu wanda ya karkace. A rayuwata ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba, kuma ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige kamar lokacin ba.

Dattijuwar ta ce, “Ga takardun gidana nan, tun na marigayi. Gida biyu ne, kuma duk ka shafa musu.”

Na buɗe baki. Muryar da nake tsawata wa leburori da ita ta gudu ta bar ni. Na ce, “Baba, ni ɗan haya ne. Wato, hayar ma ban samu ba tukuna. Nema nake.”

Mai unguwa ya kamo katin wuyana, ya matso da shi kusa da ido, ya karanta a fili, “Mai kula da sito.”

Wani daga baya ya ce, “Dama na ce muku da fenti suke yi, ba da alli ba.” Wani ya ce masa, “To ai ca muka yi fenti ne ya yi tsada.”

Mai waina ce ta fara. Ta dafa bango tana dariya har ɗankwalinta ya zame, tana cewa, “Wainata guda takwas. Har da ƙarin miya.” Daga nan layin ya ɗauka. Liman ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Matan da suka fito da katifu suka zauna a kansu suna share hawaye. Malam Sabo ne kaɗai bai yi dariya ba, yana tsaye da guduma yana kallon rumfarsa a ƙasa.

Dattijuwar ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. “Kai ne na Tanko dillali? Mai yara biyar?”

Sai a lokacin na gane Hajiya Yalwa ce. Na ce ni ne. A raina na fara lissafin inda zan kai Hajara da yara nan da 'yan kwanaki, da kuma bakin da zan gaya mata da shi.

Mai unguwa, da ya samu numfashi, ya ce, “Tunda na ga kai mai son tsari ne, ga hukunci a jere. Na ɗaya, ka wanke duk abin da ka zana. Na biyu, ka riƙe wa Sabo tsani ya mayar da rumfarsa. Na uku, kowane gida ka yi sallama ka ba da haƙuri kafin ka taɓa bangonsa.”

Aka ba ni bokiti da soso. Na cire katin wuya na cusa a aljihu, na naɗe hannun riga, na koma gida na ɗaya.

A nan ne aikin gaske ya faru. Kowane gida na yi sallama, mai gidan ya fito, ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya tsaya yana hira ina goge bango. A gida na uku aka gaya mini kwatar da na ba maki mafi yawa ita ce mai ambaliya, amma duk farkon damina mazan layin sukan fito su yashe ta tare. A na bakwai na ji wace rijiya ce ba ta ƙafewa da rani. A na goma sha biyu aka nuna mini lungun da yara ke bi zuwa makaranta ba su ga titi ba, lungun da na wuce sau biyu da tef ɗina ban lura da shi ba. Malam Sabo ma, ina riƙe masa tsani, ya huce har ya ce, “In ka tare, ɗinkin sallar yaranka a nan za a yi. Amma kuɗin ƙusa yana wuyanka.” Su ma suna tambayata: ɗan ina ne, yaran shekarunsu nawa, matata 'yar gidan waye. Kafin la'asar babu abin da layin bai sani ba a kaina.

Duk wannan Hajiya Yalwa tana zaune a dakalin ƙofar gidanta tana kallo. Da aka idar da sallar la'asar na je na durƙusa a gabanta, riga jiƙe, yatsu jajur. Manyan kayan da Malam Tanko ya ce in sa suna can Gyaɗi-Gyaɗi a goge.

Ta ce, “Na bi bangon nan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigo ba ka bari ba, har inda ba kai ka ɓata ba ka wanke.” Sannan ta ce, “Hankalinka dai sai a hankali, amma za ka riƙe mini gida. Ba ni allin.”

Na miƙa mata da hannu biyu.

Da na koma gida na ba Hajara labari, a jere, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To Baban Sadiya, ka dai gaisa da maƙwabtan. Hanyar ce ka ɗauko mai nisa.”

Shekararmu huɗu ke nan a layin. Sunana na yanka ya ɓace, Malam Rusau kowa ke kirana, har liman in zai ce in matso sahun gaba. Na gyara littafin: maƙwabta sun koma na ɗaya, tef ya koma sito. Abin da na koya shi ne, unguwa da sallama ake auna ta, kuma in ka ga mutanen da ba su san ka ba suna ba ka waina kyauta, ka waiwaya ka duba abin da ka aikata.

Allin kuwa Hajiya ta ba yaran layi. Da shi suka zana 'yar gala-gala a simintin ƙofar gidanta, inda Ummi take tsalle kullum da yamma, uwarta na ciki ba ta ko leƙowa. Layukan duk a karkace suke. Kullum na dawo daga aiki sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, sai in cusa shi a aljihu, in yi sallama, in wuce.