Rasuwar Kaka, Mai Lissafin Gadar Garin Gana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai kwanta ba, Injiniya Habila Bulus na sashen gine-gine a Haɗejiya yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, kwamfutar nan da kowa a ofis ke kira Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Mayun 1996, bayan doguwar jinyar da ta fi galabaitar da mai jinya a kan majinyaciya.

Marigayiyar ta iso garin nan a bayan a-kori-kura, nannaɗe cikin bargo, lokacin da aka raba kayan ofis tsakanin Kano da sabuwar jihar Jigawa. Tun a lokacin ba yarinya ba ce, amma akwai ta da juriya. Habila kan zauna ya shigar mata da gini gaɓa-gaɓa: ga fila, wato ginshiƙi, ga bim, wato dogon kankaren da zai kwanta a kanta, ga nauyin da za a ɗora. Sai ta hau gurnani, ƙirrr, ƙirrr, kamar injin niƙa. A je a ci abinci a dawo, a tarar ta faɗi inda bim zai ji jiki da yadda zai lanƙwasa. Akwai ajujuwa a Malam Madori da tankin ruwa a Miga da suke tsaye yau a kan lissafinta.

Ciwon ajalin ya faro ne daga gadar Garin Gana, wani ƙauye ta wajen Guri da kogi kan datse duk damina. Bara kwalekwale ya kife da wata mai naƙuda ana hanyar kai ta asibiti. An ciro ta da rai, ɗan ne bai zo da rai ba. Tun daga nan Bulama Fannami, mai garin, bai bar Habila ya huta ba. Yakan jingine kekensa a bakin taga ya leƙo.

"Injiniya, gajimare fa ya fara haɗuwa ta gabas. Mu dai mu ga an kafa ƙarfe."

Ɗan kwangila kuma ya ce ba zai yanka rodi ko ɗaya ba sai an ba shi girman bim.

Da aka ba Kaka gadar, sai ta ce bim ɗin tsakiya zai lanƙwasa fiye da faɗin kogin. Habila ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ya gano an auna ƙarfe da inci, kankare da milimita. Ya gyara. Sai ta sake salo: ta yi wata 'yar ƙara, fiiit, ta rubuta layi guda a allo, wai ginin ba a tsaye yake ba. Ya ɗaure ƙafafun filoli, fiiit. Ya kwance su ya sake ɗaurewa, fiiit. Ya rage nauyi har gadar ta koma wadda ko akuya ba ta hau ba, fiiit. Ba ta faɗi ina ba, ba ta faɗi dalili ba. Abin ya bi shi har coci, inda mai ɗakinsa Dibora ta kama shi yana zana filoli a tafin hannu ana tsakar wa'azi.

"Baban Rut, har a nan ma?"

Iyalai na shaida cewa a makonnin nan Habila ya faɗa wa marigayiyar maganganun da bai kamata dattijon coci ya faɗa ba, kuma sau da yawa ya ɗaga mata hannu, ko da yake bai taɓa saukewa ba.

Ranar Talatar ce ya gano cutar. A tsakiyar gadar akwai gaɓoɓi biyu da suka zauna wuri ɗaya, ido na ganinsu kamar guda, alhali ba a haɗe suke ba. Ashe bim ɗin a iska yake rataye, Kaka kuwa gaskiya take faɗa tun farko. Ya haɗe su, ya danna. Ba ta yi fiiit ba. Ta kama gurnaninta na da, Malam Bunu mai zane ya ajiye rula ya taso, firinta ta fara jan takarda. Nan wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfin tsiya. Aka ji fus, ƙauri ya cika ofis. Abin da ya fito a takardar, sunan gadar ne da lissafin fila ta farko.

Habila ya daɗe yana kallon baƙin allon. Malam Bunu ya cire hularsa ya mayar.

"Yallaɓai, sai haƙuri."

Ta rasu ta bar firinta guda mai yawan kuka, da allon dannawa wanda lambar bakwai ta fice masa, da ɗan kwangilar da ke zaune a kan tulin tsakuwa, da mutanen Garin Gana da kwalekwalensu. Ta kuma bar stabilaiza, wadda aka ajiye musamman don ta kare ta daga ƙarfin wuta, tana nan lafiya ƙalau ko ƙwarzane babu.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da safe daga tashar mota zuwa Kano, wurin wani mai gyara a Sabon Gari da ya nemi a bar masa abin da ya yi saura. Ba za a yi zaman makoki ba, domin mai makokin yana kan tebur da fensir da kalkuleta, yana lissafin fila ta biyu da hannu kafin ruwan farko ya sauka. Masu ta'aziyya su shigo a hankali, su yi ta a gajarce. Iyalai na roƙo, don girman Allah, kada kowa ya tambaye shi ko ya kwafi aikin a faifan kwamfuta ya adana.