Tumunin Hajo a Fadar Alhaji Sharu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin sammai da ƙasa, wanda Yake ba bayinSa aron gidaje, su kuwa su yi ta rubuta sunayensu a bakin ƙofa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya zo da shari'a mai ba kowa haƙƙinsa, ko da tsohuwa ce mai awaki.

Bayan haka, garin Gadarif bai taɓa samun ni'ima irin Alhaji Sharu tajirin riɗi ba. Ƙamshin turarensa yakan riga shi shiga kasuwa, jelar rawaninsa kuwa ita ce ƙarshen fita. Allah Ya hore masa kowane fanni na ilimi, Ya kuma hutar da shi wahalar karatu. Ya gyara wa likita magani, ya nuna wa direban Kassala hanyar Kassala. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Bahrul Ulum, wato Tekun Ilimi, yana amsawa da fara'a, bai taɓa waiwayawa ya ga fuskokin masu kiran ba.

Abu ɗaya ya rage wa wannan teku: gida na jan bulo wanda zai mallaka shi kaɗai, ya tara manya a cikinsa. Idonsa ya faɗa kan gidan marigayi Malam Wada, mai faffaɗan diwan na karɓar baƙi da itacen lemun tsami a tsakar gida. Da ya ji labarin cewa attajiran Khartum ba sa sayen gida sai da muhami, wato lauya, sai ya ɗauki Ustaz Harisu, mutum mai sanyin murya da baƙar jaka.

Jakar ce ta fi burge Alhaji. Ya sa Ustaz ya riƙa binsa a baya da ita, suka ratsa layin masu yadi, suka karkata ta layin mahauta, alhali gidan yana wancan ɓangaren gari. Duk rumfar da suka wuce sai ya tsaya ya ce, "Wannan muhamina ne. Doka ya karanta. Nakan gyara masa nan da can."

Ustaz Harisu ya yi aikinsa kamar yadda ya kamata. Ya binciki asalin gidan, ya san magadan, ya dawo da magana a bakinsa. Sai dai maganar ba ta taɓa wuce "Amma, ya Hajj" ba, domin da zarar ya kai nan Alhaji zai ɗaga tafin hannu ya karɓi zancen. A ganinsa an ɗauki lauya ne domin ya saurara.

Ranar ciniki Haladu, babban ɗan marigayin, ya zo da ƙaninsa. Ya ce, "Hajj, rabonmu mu biyu muke sayarwa. Ita Inna tana Basunda wajen girbi, kuma ba ta..."

"Khalas, ya isa!" in ji Alhaji. "Ciniki na maza ne."

Nan Ustaz ya tattara ƙarfinsa, ya jefo kalmomi da sauri kafin a tare shi: "Tumunin takaba, ya Hajj! Ɗaya cikin takwas na matar mamaci, ba ta sayar ba!"

Alhaji ya yi murmushin malami ga ɗalibi mai rauni. Ya ce, "Ya Ustaz, ni za ka koya wa gado? Na haddace fara'id kana goye. Tumuni shi ne autan rabo. Mai bakwai ba ya neman izinin mai ɗaya. Rubuta!"

Ustaz ya rubuta abin da aka saya, ba ƙari ba ragi. Yana karantawa a bayyane, Alhaji kuwa yana ba shaidu labarin yadda ya taɓa yi wa wani alƙali gyara a cikin jirgin ƙasa.

Aka shafe gidan da shuɗin fenti, aka kafa allo a saman ƙofa: Fadar Sharu. Aka sa ranar karama, wato walimar shiga gida, aka yanka sa, manyan kasuwa suka cika diwan, ana zagayawa da jabana, wato gahawa. Alhaji ya miƙe ya fara huɗuba.

"Ya jama'a, gida kamar mulki ne, ba ya karɓar abokin tarayya. Daga wannan ƙofa har bangon baya, babu taƙi ɗaya da wani mahaluki..."

Sai lori ta tsaya a ƙofar. Aka sauko da angarib, gadon nan na igiya, aka sauko da buhun dawa, sannan awaki, sannan wata 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa da sanda. Hajo ce, matar marigayi Malam Wada. Ta shigo ta dubi bango, ta dubi taro, ta ce, "Maraba da baƙi. Wane mara aikin yi ne ya shafa wa gidana shuni?" Ta sa aka ajiye gadonta a cikin diwan, daidai inda iska take shigowa, ta zauna ta miƙa hannu aka ba ta jabana.

A wannan rana, karo na farko, Alhaji Sharu ya bar lauyansa ya kai ƙarshen magana, kuma a gaban duk wanda yake so ya burge. Ustaz ya bayyana cewa rabon Hajo ba a ware shi ba, saboda haka yana cikin kowane sashe na gidan: tana da tumuni a ƙofa, tana da tumuni a diwan, tana da shi a inuwar lemo, har da bangon da aka kafa allon.

Alhaji ya sunkuya ya yi mata tayi cikin raɗa. Ta amsa da ƙarfi, domin kunnenta ya yi nauyi: "Sayarwa? Lemon nan da hannuna na ba shi ruwa, ɗana. Kai dai zauna, ba na ƙyamar abokin zama."

Ustaz ya ce saura hanya ɗaya: a je mahkama, wato kotu, in gidan bai rabu ba a yi gwanjonsa a bainar jama'a. Alhaji ya hango kansa yana jan tsohuwa gaban alƙali, ya hango mai shela yana kiran sunan Fadar Sharu da ƙararrawa. Sai ya juyo ga baƙinsa, ya gyara rawani, ya ce, "Ya jama'a, da gangan na bar mata. Riƙon gwauruwa ɗabi'ar manya ce." Ana cikin tafi wata akuya ta kama jelar rawanin tana tauna.

Daga nan Tekun Ilimi ya koma ga lissafi ɗaya, cewa tsohuwa ba ta daɗewa, 'ya'yanta kuwa masu sayarwa ne. Kowace safiya yakan tsaya a gefen angarib ya tambaya da matuƙar kulawa, "Inna Hajo, yaya ƙarfin jiki?" Ita kuwa ta ce, "Garau, ɗana, alhamdu lillahi. In za ka kasuwa ka taho wa awakin da dusa." Yakan taho da ita, a ɓoye cikin jallabiya.

Damina ta bi damina, fentin ya koɗe, awakin suka hayayyafa. Da ajali ya ƙwanƙwasa ƙofar Fadar Sharu, mai bakwai ya nema. Hajo ce ta ba da aron angarib ɗinta aka ɗauke shi a kai, ta kuma ja kunnen masu ɗauka su dawo mata da shi kafin la'asar.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sharu, Ka gafarta masa abin da ya sani da abin da ya ce ya sani, Ka saka masa ladan dusar nan, Ka ba shi gida a Aljanna takwas cikin takwas. Amin.