Yaƙin Takalma a Laburaren Tudun Makera

Da sunan Mai sanin adadin yashi da taurari, wanda lissafi bai taɓa kuɓuce masa ba. Bayan haka, wannan tarihin Malam Mamuda ne, ɗan Jatau mai awon hatsi, jikan Bawa wanda ya kori kura da murfin tukunya; Mamuda Sarkin Kanta, Garkuwan Ƙamus, dodon masu naɗe kunnen shafi, mai kula da laburaren Tudun Makera shi kaɗai tilo, wanda in ya ce "Shiru!" ko fankar sama sai ta rage gudu, in an kawo wuta.

A shekarar da gara ta ci rabin sashen Tarihi, takarda ta iso daga hedikwatar jiha: a cike rahoton ƙididdiga na shekara, a kai kafin ƙarshen wata. Wata magana ta biyo ta, ba a rubuce ba. Ciyaman na ƙaramar hukuma yana neman inda zai ajiye takin zamani, kuma idonsa ya faɗa kan zauren karatu. In rahoto ya nuna masu karatu sun ragu, zaure ya zama sito.

Sai Mamuda ya yi ɗamara, ya feƙe fensir, ya ɗora tabarau bisa karan hanci kamar mai sa sulke. Ya auka wa shafin farko, ya fatattaki yawan littattafai, ya murƙushe yawan kujeru, masu ƙafa huɗu da masu ƙafa uku da bulo, ya kwashi jaridu ganima, har ya iso ganuwar da ta gagari magabata, wato yawan masu karatu a shekara.

Ya jawo rajistar bakin ƙofa. Rundunar gara ta riga shi. Ba abin da ta bari sai bango da jar ƙasa.

Namiji bai ja da baya ba. Ya ƙudurta zai ƙirga mutanen zaure na mako guda ya auna shekara da su, yadda ubansa ke auna buhu da tiya. Ya tsaya gaban teburin jarida, ya ɗaga yatsa.

"Ɗaya, biyu..."

"Kai, Mamuda!" in ji Alhaji Sambo Tela, jagoran dattawan da ke karanta jaridar jiya kullum safiya. "Sauke yatsan nan. Mu awaki ne? Malam Ilu da aka ƙirga bara wurin rabon gidan sauro, ina yake yanzu?"

"Allah ya jiƙansa, Baba Alhaji, amma ai ya haura tasa'in."

"Da ba a ƙirga shi ba, da ya ga ɗari. Sauke!"

Ya sauke. Wannan ita ce karaya ta farko, kuma masu tarihi ba su ɓoye ta ba.

Amma nasara tana tare da masu haƙuri. Yana komawa ofis a sanyaye sai idonsa ya sauka bakin ƙofa. Tun da aka shimfiɗa leda a zauren ba mai shiga da takalmi. Ga su nan jere, silifa da sandal da sau-ciki, ba su da baki, ba su da camfi, ba wanda ya taɓa mutuwa don an ƙirga shi.

"Yau ko ni ko ku!" in ji Mamuda, ya faɗa musu. Ya ƙirga ya raba biyu, kullum, daga Litinin, rana na dukan ƙeyarsa, ƙafa ɗaya da ta rasa 'yar'uwarta ya rubuta ta rabin mutum.

Ranar Juma'a babbar rana ce. Laburaren katangarsu ɗaya da masallaci, sahu ya cika ya batse, takalman masallata suka malalo kamar ambaliya har dokin ƙofarsa. Mamuda ya dube su. Ya dubi sama. Ya yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa: "Duk takalmin da ya fuskanci ƙofata, nawa ne." Ya yi ta sara ba sassauci har aka ta da iƙama, sannan ya tuɓe nasa, ya ƙirga da su, ya bi sahu.

Da aka haɗa jimilla, sai ga Tudun Makera ta fi babban birnin jiha karatu.

Ya naɗe rahoto cikin leda, ya rungume a ƙirji, ya hau bayan a-kori-kura tsakanin buhunan albasa, ya shiga hedikwata da ƙura har gira. Ma'aikaciyar da ke karɓa tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago kai ba.

"Ajiye can, Malam."

Kwafi ya kai ga ciyaman. Ciyaman ya ga adadin, ya tuna zaɓe na tafe, ya rantse gaban jama'a cewa muddin yana raye ba mai taɓa zauren ilimi. Dattawa suka yi kabbara.

Da tirelar taki ta iso, sai ciyaman ya sake buɗe rahoton, ya nemi ɗakin da mutum ɗaya kacal ke amfani da shi. Mamuda da kansa ya rubuta, da kyakkyawan rubutunsa: ofishin ma'aikaci.

Aka jibge buhuna har rufi, aka bar masa guda kusa da taga. Ya ce ya fi tsohuwar kujerarsa laushi.