Jawabina a Ƙofar Gidan Yaya

Ko na manta da komai na kakar zaɓen da ta wuce, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na je ƙofar gidan yayana a Dogo Nini da niyyar haɗa kan ƙasa. Ni ɗin nan, da ko kan gidanmu ban iya haɗawa ba.

A lokacin ni sojan baka ne na jam'iyyarmu, wato irin mutanen nan da ake saya wa fili a rediyo su yabi nasu su caccaki na wasu. Baki kam Allah ya ba ni (matata takan ce da baki yana noma, da mun fi kowa hatsi a Potiskum). Yayana Adamu kuwa dillalin shanu ne, mutum mai ƙarancin magana, kuma jigo a ɗaya jam'iyyar. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Matarsa, Yaya Falmata, ita ta yi mini wanka da wanki har na yi hankali, kuma a bakinta sunana bai taɓa wuce Auta ba.

A zaɓen da ya gabaci wannan ne na hau rediyo na ce duk mai bin jam'iyyarsu ya sayar da mutuncinsa kamar yadda ake sayar da saniya ranar kasuwa. Kowa a gari ya san da wa nake. Yaya ya kira ni ya yi mini faɗa irin na uba, ni kuma na yi zuciya, na toshe lambarsa a wayata. Shekaru suka shuɗe ban taka gidan ba, ko da salla. Yaya Falmata ce kaɗai ta ƙi shiga rigimar. Duk azumi sai ta aiko mana da garin kunu da tsamiya, ta ce a gaishe mata da Auta. Nakan sha kunun, amma ban taɓa mayar da gaisuwar ba.

Ana nan sai ɗan takararmu na shugaban ƙasa ya yi wani jawabi da ya ratsa mutane. Ya ce ƙasa ta tsage, Kudu da Arewa, masallaci da coci, har 'yan ciki ɗaya ba sa ga maciji da juna. Bai nemi kowa ya yaga katin jam'iyyarsa ba, hannu kawai ya ce yana miƙa wa kowa. Maganar ta taɓa ni, sai dai a baki ta tsaya, ba ta gangara zuci ba. Abin da na hango shi ne dama. In na jawo Yaya da mutanensa, sunana zai kai Damaturu, wataƙila ma ya wuce. Na san duk Asabar da yamma 'yan jam'iyyarsu na taruwa a ƙofar gidansa, don haka na bugi ƙirji a gaban ciyaman ɗinmu na ce a bar mini wannan aikin.

Ranar Asabar ɗin tun da safe muna Gadaka wajen kamfe. Matata ta yi ta kira, na ɗauka maganar cefane ce, na kashe wa wayar ƙara na jefa ta aljihu. A hanyar dawowa ba abin da nake yi a mota sai bitar jawabina, har da inda zan dakata don a yi tafi. Ko gida ban biya ba.

Na isa bayan la'asar, na tarar da jama'a fiye da yadda na zata. Tabarmi har ƙofar maƙwabta. Ga 'yan jam'iyyarsu, ga kuma wasu namu a ciki, na ce a raina lallai labarin zuwana ya riga ni. Wurin shiru, ba hayaniya irin ta taron siyasa. Wannan ma na fassara shi da kwarjinina ne. Na cire takalmi, na gyara zaman hulata mai hoton ɗan takara, na yi sallama. Sai kowa ya buɗe tafin hannunsa yana jirana.

Kowa ya sani, a zaman makoki duk wanda ya iso shi ke jan addu'a, na zaune su ɗaga hannu su ce amin. Ba sai an koya wa mutum wannan ba. Amma ni a ranar, sai na ɗauka girmama ni aka yi, aka ba ni addu'ar buɗe taro. Na roƙi Allah ya haɗa kan ƙasar nan, ya ba mai gaskiya nasara ranar zaɓe. Amin ɗin ta fito a raunane. Aka shafa, wasu suka kalli juna. Maimakon in zauna, sai na gyara murya.

"'Yan uwa," na ce, "lokacin gaba ya wuce. Me ya raba mu in ba kati ba? Duk wanda bai san halin da ɗan uwansa yake ciki ba, wallahi bai cika ɗan ƙasa nagari ba."

(Ni na faɗi wannan da bakina, ba wani ya ara mini ba.)

Wani ya ja gefen rigata, na fizge. Na hango Yaya zaune jikin bango, kansa a ƙasa. Na ce to, maganar ta shige shi, bari in ƙarasa da abin da na san zai narkar da shi. Na miƙa hannu wajensa.

"Yaya, ga hannuna. Ka aika ciki a gaya wa Yaya Falmata Autanta ya dawo gida, ta ɗora tukunya."

Wani dattijo da ke kusa da shi ya rufe fuska da hannun rigarsa. Baba Modu ne, kawun Yaya Falmata, wanda na san ba ya barin Maiduguri sai da babban dalili. A nan ne idona ya buɗe. Na ga jar ƙasa a ƙafafun mutane da gwiwoyin wandunansu. Na ga makara jingine a zaure. Na ji kukan mata ƙasa-ƙasa daga cikin gida, wanda tun ɗazu ake yi, muryata ce ta danne shi.

"Ɗana," in ji Baba Modu, "Falmata ta riga mu. Da hantsi ta cika, bayan azahar muka kai ta."

Hannuna yana nan a miƙe. Na rasa yadda ake mayar da hannu. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne ni, har yau ban san wanne ya fi nauyi ba.

Yaya ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta canza ba.

"Ka gama, Auta?"

Sai a lokacin na sauke hannuna.

"Mun jinkirta sallar jana'iza muna jiranka. Na kira, na sake kira, layinka ba ya shiga." Ya matsa gefe a kan tabarmar. "Zo ka zauna nan. Kai ma uwa ka rasa, zo ka karɓi gaisuwa."

Da marina ya yi a gaban jama'a, da ya fi mini sauƙi. Na tuɓe hular, na rasa inda zan kai ta, na cusa ta ƙarƙashin cinyata na zauna a kanta. Haka na zauna kusa da shi har aka yi sadakar uku. 'Yan jam'iyyarsu suka zo, namu suka zo, har da ciyaman, har da maƙwabtansu da ke zuwa coci. Kowa ya durƙusa ya ce mana ya haƙuri, babu wanda aka tambayi katinsa. Kuma babu ko mutum ɗaya da ya tayar mini da zancen jawabin, abin da ya tabbatar mini duk garin ya ji.

Ranar ukun, da mutane suka ragu, na ciro wayata na buɗe lambarsa da na toshe. Ashe yana kallona ta gefen ido.

"Ashe abin da sauƙi haka," ya ce.

Na mayar da wayar aljihu.

Zaɓe ya zo ya wuce. Yaya ya zaɓi nasa, na zaɓi nawa, da yamma muka ci tuwo a kwano ɗaya. Rediyo kuwa na bar wa masu sauran ƙarfin hali. Abin da na koya bai kai a yi masa jawabi ba: in na tarar da taro yanzu, sai na zauna na dubi ƙafafun mutane kafin in buɗe baki, in matata ta kira kuma ina ɗauka ko a tsakiyar titi nake. Mai son ya miƙa wa ƙasa hannu, ya fara duba wa ya toshe a wayarsa. Ni na duba tawa, sai dai da azumi ya zagayo, babu wanda ya aiko a gaishe da Auta.